KIFIN TAFKIN CADI DA ABIN DA KE CIYAR DA SHI

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Difa ko ta Damagaram ya san banda: tarwaɗa ce baƙa, an lanƙwasa ta, an ƙyafe ta da hayaƙi, an shirya ta cikin kwalaye za ta Nijeriya. Yaran yanzu haka suka tashi suka tarar, suna tsammanin tun asali ita ce kifin Tafkin Cadi. Amma dattawan masunta waɗanda suka yi su a Ngigmi da Boso kafin farin 1973 sun san wani tafki dabam, wanda giwan ruwa da shemani da falia da zawai suka cika. A wancan zamani tarwaɗa tana nan, sai dai a gefe take, cikin ciyayi da taɓo. Yadda aka yi ta gaje tafkin labari ne da masana suka bi diddiginsa shekara da shekaru, kuma ya kamata duk mai riƙe da aikin da ya shafi ruwa a ƙasarmu ya san shi, domin a cikinsa ne ake samun amsar tambayar da masunta ke yi wa ma'aikatan ruwa da daji: me ya sa ruwa yakan dawo, amma kifin da aka sani ya ƙi dawowa?

Da farko sai a san tafkin kansa. A shekarar 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25 ko kusa da haka, amma zurfinsa ba wani abin kirki ba ne: a kudu mita 2 zuwa 4, a arewa kuwa, inda rabon Nijar yake, ya ɗan ɗara haka. Kamarsa kamar faifai. Kogin Shari da abokin tafiyarsa Logon, waɗanda ke tasowa daga Afirka ta Tsakiya da duwatsun Adamawa na Kamaru, su ne ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zuba masa. Kumadugu tamu, wadda ke faɗawa cikinsa kusa da Boso, abin da take kawowa kaɗan ne ƙwarai in an gwada da Shari, ko da yake ga manoman tattasai na Difa ita ce rai. Rana da iska kuma suna shanye wajen mita 2 na ruwan tafkin kowace shekara. Lissafin ba shi da wuya. Tafkin da zurfinsa bai wuce mita 3 ko 4 ba, in rana na kwashe mita 2 duk shekara, to, damina biyu ko uku marasa albarka a can kudu sun isa su sake masa kama. Tun farkon ƙarnin da ya wuce wani hafsan sojan Faransa mai suna Jean Tilho, wanda ya auna tafkin, ya lura da haka, har ya kasa halinsa kashi uku: babban Cadi, da matsakaici, da ƙarami. Tun daga 1973 muna cikin zamanin ƙaramin Cadi ne.

Akwai wani abin mamaki kuma. Tafkin ba shi da kogin da ke fita daga cikinsa, kuma duk ruwan da rana ke sha ba tare da ya sami mafita ba, gishiri yakan zama, kamar kwarurrukan kanwa na ƙasar Manga. Amma ruwan Cadi ana shan sa. Bincike ya nuna cewa wani kaso na ruwan yana tsiyayewa ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirin, wani gishirin yana haɗuwa da laka ya kwanta a ƙasan tafki, wani kuma katantanwa da makankari da ciyayi ne ke ɗauke shi su gina jikinsu. Wato ƴan halittun da ba a kula da su ba suna da hannu a cikin daɗin ruwan da mutum da saniya ke sha.

Binciken da muke magana a kansa ya kankama ne bayan samun mulkin kai. A 1964, shekarar da Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Cadi a Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu, wani masani mai suna Jacques Blache ya fitar da babban littafi a kan ire-iren kifin yankin, waɗanda suka haura 100. Daga nan ma'aikatan cibiyar binciken Faransa da ake kira ORSTOM, wadda ta zama IRD a 1998, suka shafe fiye da shekara 10 suna aiki a kan tafkin. A ɓangaren Nijeriya kuma akwai tashar binciken kifi a Malam Fatori, ƙetaren Boso, inda aka yi nazarin rayuwar giwan ruwa. An tattara sakamakon aikin ORSTOM a wani littafi da Carmouze da Durand da Lévêque suka shirya a 1983. Sa'ar da aka yi ita ce, mutanen nan sun soma aiki tafkin na cike, kuma fari ya same su suna kan aiki. Sun ga tafkin da lafiyarsa, sun kuma gan shi yana kwance.

Aikin nasu, in ka gan shi, ba za ka ce na manyan malamai ne ba. Su saki farin faranti cikin ruwa da igiya, su auna inda ido ya daina ganin sa, don su san iyakar inda hasken rana ke kaiwa. Su ja wata ƴar koma mai ido ƙanana kamar na rariyar tace koko, su zuba abin da ta kamo a ƙarƙashin madubin likita. Su ɗebo laka daga ƙasan tafki, su wanke, su ƙidaya tsutsotsi da katantanwar da ke ciki. Sa'an nan mafi wari a cikin aikin: su auna kifi tsawo da nauyi, su farke cikinsa, su rubuta abin da ya ci, kifi bayan kifi, har dubbai. Wani daga cikinsu, Laurent Lauzanne, a kan tumbin kifi ya yi suna. Kowace mai gyaran kifi a bakin ruwa tana ganin abin da ya gani; bambancin kawai shi ne, shi ya rubuta, ya ƙidaya, ya gwada na bana da na bara.

To, me aka tarar a cikin tumbin?

Tushen abincin duka wasu ƴan tsirrai ne da ido ba ya gani, dangin gansakuka, masu yawo cikin ruwa. Su ne ke sa ruwan tafki ya yi kore-kore. Kamar gero suke: suna bukatar hasken rana da taki, kuma da rana suna sakin iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, wadda masana ke kira oksijan. Karfasa tana cin su kai tsaye, tana tace su daga ruwa. Amma mafi yawansu wasu ƴan ƙwarin ruwa ne ke kiwon su, ƙwarin da babbansu bai wuce kan allura ba. Waɗannan ƴan ƙwari su ne abincin shemani, kifin da mutanen Cadi ke shanyawa suna kira salanga, kuma su ne abincin wasu ire-iren kurungu masu iyo da ciki sama. Ɗan kifi kowane iri ne, har ɗan giwan ruwa, da su yake buɗe baki. Wannan hanya ɗaya ke nan.

Hanya ta biyu daga ƙasa take farawa. Duk abin da ya mutu a tafki, ganye ko ciyawa ko gansakuka, yana nutsewa ya ruɓe ya zama laka. A cikin lakar nan akwai tsutsotsi, da ƴaƴan ƙwari masu tashi, da katantanwa da makankari masu ɗimbin yawa. A tafkin kafin fari, nauyin halittun ƙasan ruwa galibinsa na masu ƙoƙo ne. Talibamban, mai haƙori kamar bakin aku, yana fasa ƙoƙon ya cinye. Wani kurungun da su miligi suna tonon laka da baki. Falia tana tsotsar lakar kanta. Bargi yana ɗebo ƙasa ya tace.

A saman hanyoyin biyu mafarauta ke zaune: zawai mai haƙora kamar na kare, da ragon ruwa, da sarkinsu giwan ruwa, wanda muke kira kapiten, wanda kan wuce kilo 100 in ya sami shekaru. Bayan su sai kada, da zalɓe, da kwasakwasa, sai kuma ɗan Adam da komarsa. Masana sun ce a kowane mataki wajen kashi 1 cikin 10 ne kawai na abin da aka ci ke zama nama, saura ya tafi wajen iyo da numfashi da kashi. In an bi wannan ƙiyasi, kilo 1 na giwan ruwa ya ci kilo 10 na ƙananan kifi, su kuma sun ci kilo 100 na ƴan ƙwari, su kuma sun kiwaci kilo 1000 na gansakuka. Shi ya sa tafki ke iya ɗaukar karfasa da yawa amma giwan ruwa kaɗan, kamar yadda daji ke ɗaukar barewa da yawa amma zaki ɗai-ɗai. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka layi ne miƙaƙƙe. Shemani a tafki ƴan ƙwarin ruwa yake ci, in ya hau kogi ya koma cin fara da gina da ƴaƴan ciyawa da suka faɗo. Babban kifi yakan ci ɗan jinsinsa. Abin ya fi kama da saƙar taru, inda kowane ƙulli ke riƙe da huɗu.

Babban abin da binciken ya tono, a ganinmu, shi ne cewa yawancin kifin da ya yi wa tafkin suna ba a cikin tafkin ake haihuwar sa ba. In damina ta kama, shemani da danginsa sukan bar tafki su bi Shari da Logon sama, tafiyar kilomita masu yawa, su zuba ƙwai a watan Agusta da Satumba lokacin da kogi ke cika. Kogi ya ɓalle ya malale fadamun arewacin Kamaru, waɗanda Fulani ke kira yayre, faɗin dubban murabba'in kilomita. A nan ne asirin yake. Fadamar ta sha rani, shanu sun kiwace ta sun bar kashi, ciyawa ta bushe, wani wuri an ƙone ta. Da ruwa ya hau kanta sai takin nan duka ya narke, gansakuka ta tashi, ƴan ƙwari su biyo ta, ƴaƴan kifi su tarar da akushi a buɗe, ga kuma ciyawar ɓuya daga mafarauta. Wata uku ko huɗu suna ci suna girma. In ruwa ya soma janyewa, daga Nuwamba zuwa Janairu, sai su bi rafin El Beid, kan iyakar Kamaru da Nijeriya, su gangaro tafki. Ashe kashin saniyar Bafulatani a Kamaru yana cikin kifin da Buduma ke kamawa a tsibiran Nijar. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta kuma daɗe, kifi ya yi yawa shekara ɗaya ko biyu bayanta; shekarar da kogi bai fita daga bakinsa ba, zuriya guda ta salwanta, ko da tafkin na nan da ruwansa.

Haka kuwa aka yi a 1972 da 1973. Logon bai malala ba. Ruwan tafki ya ja baya har wani tudu da ke ƙarƙashinsa, wanda ya taso daga wajen Baga a Nijeriya ya nufi gaɓar Cadi, ya fito fili ya raba shi biyu. Ciyayi da itatuwan ruwa suka tsiro a kan tudun suka zama shinge, ruwan Shari ya riƙa wucewa arewa da ƙyar, wata shekara ma bai wuce ba. Kwarin arewa, wato namu, ya ƙafe a 1975, ya sake ƙafewa a 1985 da wasu shekaru bayanta. Ngigmi, wadda jirage ke tsayawa a bakinta, ta wayi gari ruwa ya yi mata nisan kilomita masu yawa.

Da farko masunta sun ɗauka arziki ne ya zo. Kifi ya matsu a ɗan ruwan da ya rage, kowa ya jefa birgi ya cika jirgi. An ƙiyasta cewa a 1974 abin da aka kama a tafkin ya haura ton dubu 200, abin da ba a taɓa gani ba. Amma wannan cin iri ne. Ga shi kuma tun farkon shekarun 1960 komar lailan ta shigo, idonta yana ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara, har shemani ya soma raguwa tun kafin fari ya iso. Sa'an nan mutuwa ta biyo baya. Da ruwa ya yi ƙasa, iska mai ƙarfi takan tayar da laka, ruwa ya yi kauri, hasken rana ya kasa shiga, gansakuka ta daina sakin iskar shaƙa, ruɓaɓɓen abin da ke cikin lakar kuma ya shanye ɗan abin da ya rage. Da ruwa ya dawo ya rufe ciyayin da suka tsiro a busasshen tafki, su ma suka ruɓe suka yi irin wannan ɓarna. Aka riƙa wayar gari da kifi birjik a kan ruwa, ciki sama. Giwan ruwa da zawai da shemani, masu son sarari da ruwa mai iska, su suka fara tafiya. Katantanwar ƙasan tafki ta mutu inda ƙasa ta bushe, masu cin ta suka rasa abinci.

Waɗanda suka tsira su ne masu dabarar numfashi. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta wadda ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, har takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa daga kududdufi zuwa wani. Gwando da bargi da yauni sukan taso su haɗiyi iska. Karfasa tana jure ruwa maras iska fiye da yawancin kifi, tana saurin haihuwa, uwa kuma tana ɓoye ƙwai da ƴaƴa a cikin bakinta. Gaiwa ta fi su duka: tana da huhu, in ruwa ya ƙafe ta shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta kwanta wata da watanni. Waɗannan ba sa bukatar doguwar tafiya zuwa Logon, a cikin ciyayin tafki suke haihuwa. Tafki ya zama fadama, kifin fadama ya gaje shi. Ga asalin tarwaɗar da ke cikin kwalin Difa.

A nan sai mu yi hattara da maganar da ake yawan ji a taruka, cewa Tafkin Cadi yana gab da ɓacewa. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo, kwarin kudu bai ƙara raguwa ba, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi inda mai kallo daga sama zai ɗauka tudu ne. A 2022 da 2024 ma ambaliya ce ta addabi yankin. Ƙaramin Cadi kuma ba matalauci ba ne: ruwan da ke hawa yana sauka kowace shekara yana ba da kifi, ya ba da masara da wake a inda ya janye, ya ba da ciyawa ga shanun kuri. Abin da ya fi cutar da masuntanmu a shekarun baya rashin tsaro ne, wanda ya sa aka kwashe mutanen tsibirai aka kuma hana su da cinikin kifi a jihar Difa a 2015, ba a ɗage hanin ba sai 2019.

Amma hannun mutum ya taɓa ambaliyar kanta, kuma nan ne ya kamata ma'aikata su tsaya su duba. A 1979 Kamaru ta gina barajin Maga domin noman shinkafa, tare da ganuwa a gefen Logon. Fadama mai faɗi ta daina samun ruwa, kifi da kiwo suka faɗi, har sai da aka fasa ganuwar a wani wuri a 1994 aka sake sakin ruwa, kifi kuwa ya amsa. A kan kogunan da ke ciyar da Kumadugu an gina barajin Tiga a 1974 da na Calawa a 1992, duka a ƙasar Kano. Ba mu ce kada a gina baraji ba. Shinkafa ma abinci ce. Abin da muke cewa shi ne, in ana lissafin ribar baraji, a sa kifin da za a rasa a cikin lissafin, domin ruwan da mai gini ke gani yana malala a banza cikin ciyawa shi ne gidan haihuwar kifi. Haka nan dumba, shingen gura da ake gittawa a mashigin ruwa: in ta toshe hanya ɗungum lokacin da ƴaƴan kifi ke gangarowa, mai ita ya ci na bana da na baɗi a dare ɗaya. Kamun kifi da gidan sauro kuwa, wanda ake rabawa don kare yara daga zazzaɓi, ko ƙwai ba ya bari.

Darasin bai tsaya a Difa ba. Tafkin Madarunfa a jihar Maraɗi, da Tabalak a jihar Tawa, da Gidimuni a Damagaram, kowane yana da tasa saƙar, ƙarama ce kawai. An sa Tabalak cikin jerin wuraren ruwa na yarjejeniyar Ramsar a 2005, Madarunfa da Gidimuni a 2019, rabonmu na Tafkin Cadi kuwa tun 2001. Shiga jeri ba ya hana rairayi cike tafki, ba ya hana kacalla rufe shi, ba ya hana maganin ƙwarin lambu gangarawa ya kashe ƴan ƙwarin da ɗan kifi ke ci. Kuma tun da daɗewa ana zuba irin kifi a tafkunanmu, aiki mai kyau wanda ya ciyar da garuruwa da dama. Sai dai kafin a zuba a tambaya: me zai ci? Tafkin da ke ƙafewa a watan Afrilu tarwaɗa da karfasa ke dacewa da shi. Giwan ruwa kaɗan a tafki mai ɗorewa yakan rage cunkoson karfasa har sauran su yi girma, amma in ya yi yawa sai ya share tafkin. A Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, inda aka shigar da shi a shekarun 1950, ya yi shiru wajen shekara 25, sa'an nan ya bunƙasa a shekarun 1980, ire-iren ƙananan kifi wajen 200 waɗanda babu su ko'ina a duniya sai can suka ɓace ko suka kusa.

Abin da ya fi ƙaranci a tafkunanmu shi ne rubutu. Aikin da su Lauzanne suka yi ba ya bukatar jirgin sama. Sanda mai zanen santimita a kafe a bakin ruwa, wani ya duba ta kowace Juma'a. Sikeli da ma'auni a wurin sauke kifi. Littafi guda a hannun sakataren ƙungiyar masunta, wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya rubuta Hausa: rana kaza, jirgi kaza, karfasa kilo kaza, mafi tsawo santimita kaza, ga abin da aka tarar a cikinta, ga ranar da aka fara ganin ƙwai. Sarkin ruwa ya san watan da kowane kifi ke ɗaukar ciki da lungun da yake zuba ƙwai, kuma da wannan sani ne kakanni suka riƙa rufe ruwa su buɗe shi. In tsawon karfasar da ake kamawa yana raguwa shekara uku a jere alhali sandar ba ta nuna ruwa ya ragu ba, to, a duba idon koma. In kuwa kifi ya taso yana haki da asuba bayan daren iska, a duba laka da ciyayin da ke ruɓewa a ƙasa.